BASHIN DOYA

Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na cika takura wa Zuwairatu, ku yi haƙuri. Duk wanda ya riƙe gida a Lafia a shekarar 1988 ya san ban ƙara gishiri ba.

*

Zuwairatu ta kife buhun garin dawa a kan faranti ta kakkaɓe shi sosai. Abin da ya zubo ko rabin mudu bai kai ba. Da shi za a yi tuwon mutum biyar, ga ƙarshen wata ya matso.

Tun ranar da motar doyar mijinta Badaru ta kife a hanyar Fatakwal, doyar da ya karɓa bashi a hannun mutane ta ruɓe a bakin titi, gidan nan bai ƙara sanin ƙoshi ba. Ba don Alhaji Na'Allah, shugaban 'yan doya, ya tara masu bin bashin ya yi musu tsari ba, da tuni Badaru yana gidan yari. Tsarin ba wuyar faɗa. Duk ƙarshen wata Badaru zai kai naira ɗari biyu da hamsin daga abin da injinsa na casar shinkafa ya samo, Alhaji ya raba wa mutane. Ba zai ƙara cin bashin kowa ba. Ba zai taɓa injin ba, don shi ne jingina. Ranar da ya karya ɗaya, a sayar da gidansu na unguwar Akurba a sallami kowa.

Ba su taɓa fashi ba. Sai dai lokacin da aka yanka kuɗin nan, kaya ba su yi wannan tashin ba. Kwanukan aurenta sun tafi. Zannuwan ƙasan akwati sun bi su. Nama kuwa sai dai yara su ji ƙamshinsa ta katangar maƙwabta. Abin da ke riƙe da tukunyarta yanzu shi ne gishirin da mahaifiyarta, Inna Batulu, ke aiko mata daga Awe, tana kasa shi a ƙofar gida.

“Gafara dai, masu gida!”

Ta ja mayafi ta leƙa. Wani dattijo ne yake jingine kekensa da bangon zaure, da doya biyu ɗaure a baya. Baba Iorchia ne, manomin doya daga wani ƙauyen Tibi a bayan Agyaragu, ɗaya daga cikin masu bin su bashi. Bai taɓa tako gidan nan ba.

“Baba, sannu da zuwa. Ai wata bai ƙare ba tukuna.”

“Ba kuɗi na zo ba, Madam.” Ya kwance doyar ya miƙa mata, yana magana da Hausarsa ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. “Matana ya ce in kawo ma mara lafiya. Yaya jikin shi?”

“Da sauƙi. Yana ciki a kwance, bayansa ne ya riƙe jiya a wurin inji.”

Sai ta tsaya.

“Baba, wa ya gaya maka ba shi da lafiya?”

“Wa zai gaya min? Ni na ɗaga shi da hannuna.”

“A ina?”

“A Agyaragu mana.”

“Me ya kai shi Agyaragu?”

Dattijon ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya goge zufa da gefen rigarsa.

“Madam, ba ka sani ba?”

“Ban san me ba?”

“Kai! Da na sani da na rufe bakina.”

“Ka riga ka buɗe. Don Allah ka ƙarasa.”

“Na kai doya kasuwa jiya. Ana loda babban mota. Na ga mutum da buhu a kai, yana hawa katako, ƙafa yana rawa. Ya kai tsakiya, sai ya faɗo, buhu ya bi shi. Na ruga na ɗaga buhu. Na duba fuska. Badaru.”

Doyar ta suɓuce daga hannunta.

“Ba shi ba ne. Mijina mai inji ne. Kullum da safe inji yake tafiya.”

“Yaran dako sun ce min ya daɗe da su. Tun kafin kaka.”

Ba ta san lokacin da ta bar shi a zaure ba. Ta ratsa tsakar gida ta bankaɗa labulen ɗaki.

Badaru yana zaune a bakin gado, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ya ji komai, fuskarsa ta nuna. Ga zafin bazara ana ta fifita, amma hularsa tana kansa. Sai yanzu ta tuna, rabonta da ganin kansa ba hula an daɗe. Ko kwanciya zai yi sai ya kashe fitila.

“Baban Zaituna, cire hularka.”

“Zuwaira, zauna mu yi magana.”

“Cire hularka.”

“Baƙo yana jin mu.”

Ta sa hannu ta fizge ta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidansa.

Tsakar kansa babu gashi ko ɗaya. Fatar ta yi baƙi ta yi kauri, zagaye guda, daidai inda gammo ke zama. A gefe ga wani sabon ciwo yana tsattsafo da ruwa.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Ta zube a gabansa. Mutumin da a da yake cika babbar mota da doya, 'yan dako suna layi suna kiransa Oga.

“Dako?” in ji ta. “Kai ne da dako?”

“Ba sata ba ce.”

“Na ce sata ce? Ni kullum ina raka ka ƙofa ina cewa Allah Ya kawo masu casa, ashe mota kake bi zuwa Agyaragu ka ɗauki buhu!”

“A Lafia kowa ya san ni. Can ba mai dubana.”

“To injin fa? Wa ke wurin injin?”

Ya kau da kai.

“Tambayarka nake. Wa ka bari a wurin injin?”

“Yana da 'yar matsala.”

“Wace iri?”

“Za a gyara.”

Daga zaure muryar Baba Iorchia ta shigo, ba da faɗa ba, a gajiye.

“Badaru, kada ka ƙara ƙarya a kan ƙarya. Na biya ta rumfan inji kafin in zo nan. Kwaɗo a ƙofa, ya yi tsatsa. Na leƙa ta ramin kwano. Babu inji. Siminti kawai da ƙusa huɗu.”



Zuwairatu ta ɗago ta zuba wa mijinta ido. Ba ta yi kuka ba.

“Tashi,” ta ce. “Tashi ka shigo da shi. Ba za a yi wannan magana a zaure duk Akurba ta ji ba.”

Da ƙyar ya miƙe, yana bin bango. Ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, dattijon ya shigo ya zauna a gefe guda, ya ɗora hularsa a gwiwa. Ta kawo masa ruwa a kofin silba.

Badaru ya fara magana yana kallon yatsunsa.

“Bayan babbar salla ƙarfen cikinsa ya karye. Na je saye, na tarar kuɗinsa ya ninka uku. Wai naira ta faɗi. Ga ƙarshen wata ya zo, ga inji a tsaye. Na je wurin Alhaji in roƙe shi ya ɗaga min ƙafa, tun kafin in buɗe baki ya ce min mutane sun fara yabona, kada in ba shi kunya. Na sha ruwa na fito.”

“Sai ka yi yaya?” in ji ta.

“Sai na je wurin Martin.”

“Wane Martin?”

“Mai sayar da kayan inji a bakin tasha. Ya ba ni ƙarfen bashi, da kuɗin ruwa a kai.”

Ta dafe ƙirji.

“Bashi? Ka ci sabon bashi? Da bakinka ka rantse a gaban mutane!”

“Na ɗauka wata biyu zan biya shi ba wanda ya ji. Ƙarfen ashe tsoho ne aka wanke. Bai yi nisa ba ya sake karyewa, ya fasa wani wurin. Na koma na ce ya canza, ya ce shi bai san wannan ba. Kuɗin ruwa yana ta hawa. Ran nan ya zo da ƙarti da mota, suka kwance injin suka tafi da shi.”

“Kana tsaye?”

“Idan na yi ihu, Alhaji zai ji. Idan Alhaji ya ji, gida ya tafi. Da hannuna na taya su ɗagawa, don su yi sauri su bar wurin.”

Nan ne hawayenta suka zubo. Ta toshe baki da mayafi don kada maƙwabciya ta ji.

“Me ya hana ka gaya min?”

“In gaya miki me? Ina ganinki kina jiƙa garin kwaki ki ba yara, ki ce ke azumi kike. Kin ɗauka ban sani ba? In zo in ƙara miki da wannan?”

Baba Iorchia ya yi gyaran murya.

“Ni ma ina da magana. Ku ji ni da kyau, ni ba mugu ba ne.”

Suka juya gare shi.

“Jiya da na ga ka a ƙasa, wallahi na ji tausayi. Na koma gida ban ci abinci ba. Amma yau da na leƙa rumfa, tausayi ya gudu, tsoro ya zo. Inji shi ne abin da muka riƙe. Yanzu babu. Saura gida. Idan an sayar da gida, wa zai fara ɗauka? Alhaji. Bayan shi Ɗanmusa mai motoci. Su ne manya, su ne a gari. Ni mutumin ƙauye, kafin labari ya kai wurina an cinye.”

“Alhaji ba zai cuce ka ba, Baba,” in ji Badaru.

“Kai ma da haka na ce a kanka.”

Badaru ya sunkuyar da kai.

“Ruwa ya kusa sauka,” dattijon ya ci gaba. “Ba ni da irin doya. Wanda zan shuka shi na kai kasuwa jiya, saboda an koro yarona Iorwuese daga makaranta. Gona na nan, ba kuɗin masu noma. Doyan da ka ɗauka a wurina, na shekara guda ne cur. Ni da matana muka yi shi, bayanmu ya lanƙwashe. Abin da Alhaji ke ba ni duk wata, ko taki ba ya saye.”

“Me kake so mu yi?” Zuwairatu ta tambaya a hankali.

Ya juya hularsa a hannu. Kunya ta hana shi kallonta.

“Saura na naira ɗari bakwai. Ku ba ni duka kafin kasuwan Agyaragu mai zuwa. Ni kaɗai, ba ta hannun Alhaji ba. Idan kun ba ni, ban ga rumfa ba, ban ga dako ba. Idan ba ku ba ni ba, dole in je in faɗa, ko zan samu a sa sunana gaba.”

“Baba!” Badaru ya ɗago. “Wannan ai cin amanar sauran ne. Kuma ɗari bakwai? Ka duba gidan nan! Ka shiga ɗaki ka duba, in ka ga abin naira ashirin ka ɗauka!”

“Na duba. Tun daga ƙofa na duba. Kana tsammani daɗi nake ji?”

“To ka kashe ni kawai!”

“Idan ka mutu wa zai biya ni?”

“Ya isa!”

Zuwairatu ce.

Ta share fuskarta da gefen zane. Idonta ya sauka kan ɗakin da ta haifi 'ya'yanta uku a ciki, da igiyar da ta shanya kayan makarantar Zaituna. Ina za ta kai su? Ɗakin haya da wane kuɗin? Abu ɗaya ya rage mata a duniya, wanda ko a ranar da ta sayar da tukunyar aurenta ta ƙarshe ba ta yarda ta tuna da shi ba.

“Baba, ka ba ni zuwa ranar kasuwar. Gobe zan tafi Awe.”

“Zuwaira,” in ji Badaru.

“Inna tana da filin gishiri. Na kakata ne, ita ma wurin tata uwar ta gada, kuma ni zai dawo wa. Zan durƙusa in roƙe ta ta yanka rabi a sayar. Rabin ma zai biya ka, Baba, har a samu abin kai wa Martin.”

“Zuwaira, ki bari.”

“Ba zan bari ba. Ka yi naka a ɓoye, ga inda ya kawo mu. Bari in yi nawa a fili.”

“Kada ki je Awe.”

“Saboda me? Kunyar suruka? Kunya ta wuce, Baban Zaituna!”

“Ba za ki same shi ba.”

Ta juyo ta dube shi.

“Ban gane ba.”

Ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa suka fara rawa.

“Ki yi lissafi mana. Nawa ɗan dako yake samu? Ko na kwana ina ɗauka, ba zan haɗa ɗari biyu da hamsin a wata ba. Cikon daga ina kike tsammani yake fitowa?”

“Daga ina?”

“Wata rana aka ɗauke mu lodin gishiri. Ban san Awe motar za ta ba sai da muka kama hanya. Na rufe fuska da rawani. Ina cikin ɗauka na ji an ce, Badaru, sauke buhun nan.”

“Inna?”

“Ko ta baya ta gane tafiyata. Ta ja ni bayan rumfa ta ba ni ruwa. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Na gaya mata komai. Bayan mako guda ta aiko a kira ni, ta damƙa min kuɗi a ƙulle cikin ɗankwali.”

“A'a.”

“Ta ce jikokinta ba za su kwana a titi ba tana da ƙasa. Ta sa na dafa Alƙur'ani ba zan gaya miki ba.”

“Duka ta sayar?”

“Duka.”

“Ƙarya ne! Ko makon jiya ta aiko min da gishiri! Ga shi can a ƙofa ina kasawa!”

“Ladan aikinta ne. Matar da ta sayi filin ita take yi wa aiki yanzu. Ta ɗebo ruwa, ta tace, ta dafa. Ba ta karɓar kuɗi, gishiri take karɓa, ta aiko miki don kada ki gane.”

Zuwairatu ta miƙe tsaye ba tare da ta san ta miƙe ba. Inna, da ciwon gwiwarta. Inna da ko salla a zaune take yi. A bakin wuta, cikin wannan zafin, tana yi wa wata bauta a ƙasar uwarta. Ita kuma tana nan tana auna gumin tsohuwa a gwangwani, har tana ƙorafin mai mota yana rage mata a hanya.

“Kuɗin fa?” ta ce. “Saura nawa?”

“Na watan jiya shi ne na ƙarshe.”

Baba Iorchia ya sa hularsa a hankali. Idanunsa sun yi ja.

“Madam, ni ban san haka ba. Wallahi ban san...”

Ƙarar mota ta katse shi.

Ta taho a hankali ta cikin lungun, tana nishi kamar mai ɗauke da nauyi, ta tsaya daidai ƙofar gidan. Aka kashe ta. Aka buɗe ƙofa, aka rufe. Aka sake buɗe wata.

Badaru ya dubi Iorchia.

“Ka gaya masa?”

“Ban gaya ma kowa ba! Daga rumfa nan na zo!”

“Salamu alaikum.”

Duk Lafia ba wanda bai san wannan muryar ba. Ba ta ɗagawa, ko a tsakiyar kasuwa, amma in ta fito kowa sai ya yi shiru.

Ba wanda ya iya amsawa.

“Na ce salamu alaikum. Badaru, na san kana ciki, ga keken Iorchia ma a zaure. Madalla, an rage min aiki.”

Zuwairatu ta taka zuwa zaure. Ta ɗaga labulen buhu kaɗan.

Alhaji Na'Allah yana tsaye da carbi a hannu, Ɗanmusa mai motoci a gefensa ya harɗe hannuwa. Maƙwabta sun fara fitowa. A bayansu ga wata a-kori-kura, an ɗaure wani abu babba a bayanta da igiya, an lulluɓe da tamfol.

“Sannu, Zuwairatu,” in ji Alhaji. “Kira min maigidanki. Ɗana nake so in kafa wa sana'a, shi ne na sayi tsohon inji yau da safe a hannun wani Martin.”

Ya kama gefen tamfol ɗin ya yaye.

“Ina so ya fito ya karanta wa mutanen nan sunan wa aka rubuta da jan fenti a jikinsa.”